Hular Kwano Mai Ɗaga Haɓa: Ka Kare Kanka, Kuma A Ga Fuskarka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda sabis ɗin garinsu sai an hau tudu.

Yau maganar hular kwano za mu yi. Na san wani zai ce, ana fama da ɓarayin daji, ana fama da tsadar taki da na mai, shi kuma wannan hular kwano ta dame shi. To ka ɗan ba ni kunnenka. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, da shi ake zuwa gona, da shi ake kai amarya wani lokacin. Abin da muke hawa kullum safe da yamma ya cancanci a zauna a yi maganarsa, musamman da yake galibin masu hawan matasa ne 'yan uwana.

Bari in fara da abin da ya sa namu yanayin ya bambanta da na Legas ko Abuja. A wajenmu babur yana da tarihi mai ɗaci. A kan babura aka zo makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana hawan babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da matsalar ta fi shafa, ta hana sayar da fetur a jarka, har kasuwar tsofaffin babura ta Charanchi ta shafa. Duk wanda ya rayu a nan a wancan lokacin bai manta ba. Abin da ya saura a zukatan mutane har yau shi ne wannan: mutum a kan babur, fuskarsa a rufe, abin tsoro ne. Soja a shinge zai gyara riƙon bindigarsa, ɗan sa-kai zai miƙe tsaye, matar da ke tallar awara a bakin hanya za ta fara neman hanyar gudu. Kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Shi ya sa in ka ce wa matashi a Faskari ya sa hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, amsar da zai ba ka ba ta zafi ko ta kuɗi kaɗai ba ce. Zai ce maka, so kake a harbe ni? Wannan amsa ce ta mai hankali, kuma duk mai wa'azin kiyaye haɗurra da bai san da ita ba, bai san yankinmu ba.

To a nan ne wannan nau'in hular ya shigo. Hular kwano iri uku ce a taƙaice. Akwai mai rufe kai da kunnuwa ta bar fuska a buɗe. Akwai mai rufe komai har haɓa, ƙira ɗaya ba gaɓa. Sai ta uku, wadda ake kira modula, ni kuma nake ce mata mai ɗaga haɓa: gabanta duka, wato marufin haɓa da gilashin, yana kan maƙalai biyu a gefen kunnuwa. Ka danna maɓalli ɗaya a ƙarƙashin haɓa, gaban ya tashi sama, fuskarka ta fito fili. Ka sauke shi, ya ce ƙaras, ya kulle. Masu ƙera ta sun yi ta ne don matafiya masu dogon zango da 'yan sandan babur na Turai, waɗanda ke son su yi magana da mutane ko su kurɓi ruwa ba tare da sun cire hula ba. Ba su san da Sheme ko 'Yankara ba, amma kamar don mu suka yi ta. Ka hango shinge, ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya, ka ɗaga, ka yi sallama, a ga ɗan gidan wane ne. An sallame ka, ka sauke ka kulle ka wuce.

Me ya sa ba za a sayi mai buɗaɗɗiyar fuska kawai a huta ba? Saboda haɓa. Wani mai bincike a Hanoba ta ƙasar Jamus, Dietmar Otte, ya bi diddigin inda hulunan waɗanda suka yi haɗari ke buguwa, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun a yankin haɓa da muƙamuƙi yake sauka. In ka yi tunani ma ba abin mamaki ba ne. Tayar gaba ta faɗa rami, ko akuya ta gitta, ko ka shiga rairayi, ta ina kake tafiya? Ta kan kambu, fuska a gaba. Haƙora, muƙamuƙi, hanci, su ne ke fara gaisawa da kwalta.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su gane ba game da yadda hular ke aiki. Ana ɗauka taurin bayanta ne ke ceton mutum, shi ya sa za ka ga mai saye yana ƙwanƙwasa ta kamar mai zaɓen kankana. Taurin yana da aikinsa, yana hana dutse ko ƙarfe hudawa, yana kuma baza ƙarfin bugun. Amma mai ceton rai na ciki ne, wani farin soso mai kauri, dangin wanda ake tusawa a kwalin firij ko talabijin, sai dai an matse shi an auna shi don wannan aikin. Ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take a cikin ƙoƙon kai ba, tana cikin ruwa ne. Idan kai ya tsaya cak a kan kwalta, ita ba ta tsaya ba, sai ta daki ƙashin daga ciki. Nan ne jini ke taruwa, nan ne mutum zai tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau, bayan awa uku ya fara amai ya suma. Aikin soson shi ne ya murƙushe a hankali, ya ƙara wa kan ɗan lokaci kafin ya tsaya, ko da ƙasa da ƙiftawar ido ne. Wannan ɗan lokacin shi ne komai. Binciken da aka haɗa daga ƙasashe da dama, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi, ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Daga nan za ka gane abu biyu. Hular leburorin gini da wasu 'yan acaba ke ɗorawa ba ta da wannan soson, an yi ta ne don bulo ko guduma da za ta faɗo daga sama, kafin ka kai ƙasa ma ta yi nata wuri. Na biyu, soson sau ɗaya yake aiki. Ya murƙushe, ya gama. Hular da aka taɓa yin haɗari da ita, ko bayanta na sheƙi kamar sabuwa, ta zama kwalliya. Don haka ni dai ba na ba kowa shawarar sayen ta gwanjo, tunda ba ka san abin da ta gani ba.

Kuma ku tuna inda muke. Wanda ya bugu a kai a Sabuwa, sai an bi da shi Ɗandume, a kai Funtuwa, in abin ya yi tsanani a wuce Shika. Na Ƙanƙara sai Katsina, ko a bi ta Malumfashi zuwa Kano. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da na'urar ɗaukar hoton cikin kai a manyan asibitocin koyarwa suke. Idan da dare abin ya faru, a hanyar da ba kowa ke yarda ya bi ba bayan magariba, sai dai a jira gari ya waye. Jinin da ke taruwa a cikin kai kuwa ba ya jira.

To mu zo kan masu tsadar. Sunayen da ake ji a duniya su ne Schuberth ta Jamus, Shoei ta Japan, AGV da Nolan na Italiya. Ɗaya daga cikin manyan nasu, irin su Schuberth C5 ko Shoei Neotec 3, ɗaruruwan yuro ce, in ka juya zuwa naira sai ka ga ta tasar wa kuɗin Boxer ɗin kansa. Me kake saye da wannan kuɗin? Ƙugiyar kulle ta ƙarfe wadda ba za ta ɓalle ba in an bugu. Ɓawon da aka yi da zaren gilashi ko kabon. Hanyoyin iska da aka tsara, wanda duk mai hawa a watan Afrilu zai san darajarsu. Shimfiɗar ciki da ake cirewa a wanke. Baƙin gilashin rana da ke saukowa daga ciki. Rashin ƙarar iska a kunne. Duk abubuwa ne masu daɗi, kuma wanda ke da hali yana zirga-zirgar Funtuwa zuwa Katsina kowane mako, ba zan ce ya yi asara ba. Amma gaskiya ita ce mafi yawan kuɗin na jin daɗi ne. Gwajin da mai tsadar ta ci, shi ne mai matsakaicin kuɗi ta ci, irin na HJC ko LS2.

Gwajin nan shi ne abin dubawa. Juya igiyar haɓa, za ka ga wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka, da harafin E da lamba a cikin da'ira. Ƙa'idar Turai ke nan. Doguwar lambar da ke ƙasa in ta fara da 05 tsohuwar ƙa'ida ce, in 06 ce sabuwa, wadda ta ƙara har da gwajin bugun da ke murɗa kai. Sai ka duba harafin da ke biye da lambar, don a hula mai ɗaga haɓa nan zancen yake. P na nufin an gwada haɓar tana karewa. J na nufin an gwada ta a matsayin mai buɗaɗɗiyar fuska. Wadda ke da P da J tare an amince a hau da ita a rufe ko a buɗe, kuma tana da ɗan makulli da ke riƙe gaban a sama. In ka ga NP, haɓar ado ce kawai. Ta Amurka kuma DOT ake rubutawa a ƙeya, sai dai sitika ce da kowa ke iya bugawa, don haka kar ka dogara da ita kaɗai. Ka ɗaga hular ka ji. Mai ɗaga haɓa ta gaske takan wuce kilo ɗaya da rabi. In ka ji ta sakayau kamar robar wanka, ka ajiye. Ka kulle haɓar ka ja ta da ƙarfi da hannu biyu, in ta buɗe ko tana lilo, to a kan kwalta ma haka za ta yi. Jabun mai ɗaga haɓa ya fi jabun kowace iri haɗari, domin rauninta a daidai gaɓar yake.

Ko mai P da J ce, ra'ayina shi ne in dai taya na juyawa, a rufe. Hawa da gaban a sama ya mayar da ita mai buɗaɗɗiyar fuska, ga nauyi a saman goshi, ga iska na fizgar wuya. Buɗewa ta shinge ce, da cikin gari a hankali, da tsayawa gaisuwa. Igiyar haɓa kuma a ɗaure ta yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Girmanta ya kama kumatu, in ka girgiza kai ta bi ka. Kar a sa ta a kan zanna bukar ko dara, a cusa hular a aljihu ko a jaka, a sa in an sauka. 'Yan uwa mata, hijabi mara kauri yana shiga ƙarƙashinta lafiya, ɗaurin ɗankwali mai tudu da gammon gashi ne ke hana ta zama.

Akwai wasu abubuwa na masu tsadar da ban ga amfaninsu a hanyoyinmu ba. Suna zuwa da wurin sa lasifika a haɗa da waya. A hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme kunnenka na cikin kayan tsaronka, kana buƙatar jin ƙarar baburan da ke bayanka, da ihun wanda ke ce maka ka juya. Baƙin gilashi kuma da zarar rana ta yi sanyi a ɗage shi. Launi ma ka zaɓa da tunani. Wani bincike da aka yi a Niyuzilan, aka buga a 2004, ya nuna masu farar hula sun fi masu baƙa ƙarancin shiga haɗari da kusan kashi 24 cikin 100, don an fi hango su. A nan kuma muna da ƙarin dalili: baƙar hula da baƙin gilashi da baƙar riga shiga ce da ke tayar da hankalin mutanen ƙauye. Fara ko ruwan ɗorawa, ba wanda ke zuwa ta'asa da ita, ga shi ba ta shan zafin rana kamar baƙa.

Manyanmu za su tuna watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. A Kano 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka, har labarin ya kai kafafen yaɗa labaran duniya ana dariya. Fasinjoji kuma suka ƙi sa hular da wani ya cire, wasu don tsoron cuta, wasu don tsoron asiri. Dokar ta zo da kame da tara, ba ta zo da bayani ko hula mai araha ba, sai ta watse. Shi ya sa ni ba kame nake nema ba. Abin da nake so in gani shi ne ƙungiyoyin 'yan acaba na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su yi adashi su sayo masu inganci a sari, fararen fenti, a rubuta lambar kowane mai babur da sunan tasharsa da manyan baƙaƙe a gaba da baya. Sannan shugabanninsu su zauna da DPO da kwamandojin rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, a yi yarjejeniya a fili: mai wannan hular zai rage gudu ya ɗaga haɓa kafin ya iso shinge, su kuma su san da zuwansa. Ɗan majalisar da ke rabon babura lokacin siyasa, ya haɗa kowane babur da hula biyu, ta direba da ta fasinja.

Duk wanda ke da hular kwano a gida, ya juya igiyar ya duba harafin da ke jiki, ya faɗa mana abin da ya gani da garin da ya saye ta, mu san irin kayan da ke kasuwanninmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kai kowa gida lafiya.