Kurkudu: maharbin da ke zaune cikin rairayin gidajenmu

Jama'a, wanda duk ya tashi a karkara, ko Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, ya san waɗannan ƴan ramukan masu kama da mazurari da ake gani cikin rairayi mai laushi, a gindin rumbu ko gefen katanga. Da yawa daga cikinmu mun yi wasa da su muna yara, mu sa tsinke mu zakuɗa har wani ɗan ƙwaro mai launin ƙasa ya fito yana ja da baya. To, shi ne kurkudu, wanda Turawa ke ce wa "zakin tururuwa".

Masana sun ƙidaya ire-irensa kusan 2000 a duniya, kuma ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da rairayi irin namu. Ba dukansu ke gina rami ba, wasu ɓuya kawai suke yi ƙarƙashin ƙasa. Amma mai ramin shi muka fi sani.

Yadda yake gini abin mamaki ne. Da baya yake tafiya, yana kewayawa, yana watso rairayi waje da kansa, har rami ya yi zurfi. Gangaren ramin yakan tsaya daidai inda rairayi ke gab da zubewa. Sai ya binne jikinsa a ƙasan ramin, ya bar haƙoransa biyu masu kama da lauje a buɗe. Da tururuwa ko gara ta taka baki, sai ƙasa ta zame da ita. In ta yi ƙoƙarin hawa, ya riƙa jifar ta da rairayi har ta faɗo. Daga nan ya cafke ta, ya zuba mata dafi, ya tsotse ruwan jikinta, ya wurgar da ɓawon waje. Shi ya sa ramin ke son wuri busasshe: ruwan sama na ɓata shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kurkudun cikin rami jariri ne. Yakan yi shekara 1 zuwa 3 a haka, gwargwadon abincin da ya samu, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba. In ya ƙosa, sai ya saƙa ɗan ƙwallo na zare da rairayi ya shige. Bayan kamar wata guda ya fito da fikafikai huɗu, dogon jiki siriri kamar mazari. Shi ne wanda kuke gani da dare yana kewaya fitila yana tashi a kasale. Ana bambanta shi da mazari ta ƙahonninsa biyu masu kumburi a ƙarshe. Babban ba ya daɗewa, ƴan makonni ne ya yi ƙwai cikin rairayi ya mutu.

To mene ne amfanin sanin wannan? Kurkudu ba ya cin hatsi, ba ya cin tufafi, ba ya ɗauke da wata cuta ga mutum ko dabba. Abincinsa ƙananan ƙwari ne, shi kuma tsuntsaye da kaji su ci shi. In aka yi ta fesa maganin ƙwari ko'ina ba tare da dalili ba, har da shi ake kashewa, alhali tururuwar da ake kora ita yake farauta.

Saboda haka in kun ga ramukansa a gindin rumbu, ku bar shi ya yi aikinsa. Ku kira yara su tsuguna su kalla, darasi ne da ba a biyan ko dala.