Ko Kun Sani? Gwanin Ces Yana Da Lamba

A Gezawa, bayan an gama aikin kaka, dattawa kan haƙa gurabe 30 a gindin bishiya don buga dara, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Gwanin dara bakin jama'a ne ke tabbatar da shi.

A darar Turawa kuwa, wato ces, da lamba ake auna gwaninta. Arpad Elo, malamin kimiyya haifaffen Hangari, shi ya tsara ma'aunin, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970. Tun daga Maris 2024, lamba mafi ƙanƙanta ita ce 1400, kuma ba a ba mutum lamba sai ya buga aƙalla wasa 5 da masu lamba. Wanda ya kai wajen 1800 ya zama matsakaici mai ƙarfi, kuma yawancin masu koyo sai sun shafe shekaru suna atisaye kafin su kai nan. Hawan da wuya: wanda ya fi ka da 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na makin karawarku. Magnus Carlsen na Norwe ya taɓa kai 2882 a 2014.