Kafin ki kira magini: lissafin ƙaramar madafa

Iyayena da yayyena, a zagayen da nake yi na sha ganin madafar da aka ɗaga bango, kuɗi suka ƙare, damina ta zo ta narkar da ginin. Shi ya sa nake cewa a fara lissafi daga sama. Kwano, katako da ƙusa su ne masu cin kuɗi, kuma ba sa saurin lalacewa a ajiye, to ki saye su tukuna. Tubali kuwa ana iya buga shi a gida da rani, sai dai kuɗin ruwa da na magini.

Ki je kasuwa da kanki ki tambayi farashi wurin mutum uku. Ki rubuta, ko ɗanki ya rubuta miki. Idan kin haɗa jimla, ki ƙara kashi ɗaya cikin goma, don ba a rasa abin da aka manta.

Wurin ma a duba shi. Kada ƙofa ta kalli gabas, ta nan hadari ke tasowa. A yi nesa da rumbu da zana saboda gobarar hunturu, a kuma matsa daga masai. Don Allah a bar taga ta sama. Hayaƙin nan da muka raina shi ke sa tari da ciwon ido, har ga yaron da ke goye.

Ni dai ban so a ci bashin ƙungiya don madafa, sai in mai ita tana tuyar ƙosai ko awarar sayarwa. Sauranmu mu jira rabon ƙarshen zagaye, a kuma daddale da maigida tun farko abin da zai ɗauka.