Tseren Mita 400: Ma'auninsa, Tarihinsa da Abin da Yake Nema Daga Jikin Ɗan Tsere

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan tseren mita 400, wato gudun zagaye ɗaya na filin guje-guje da tsalle-tsalle. An duba yadda ake auna filin, da asalin tseren, da dalilin da ya sa babu ɗan tseren da ke iya riƙe saurinsa har ƙarshe. Daga nan aka waiwayi bajintar da aka kafa a cikinsa, da rawar da 'yan wasan Nijeriya suka taka.

1.0 Gabatarwa

Kafafen watsa labarai na Hausa sun daɗe da raɗa wa wasu nau'o'in gudu suna. Dogon gudu ya sami "gudun famfalaki" da "gudun ya-da-ƙanin-wani", shi kuwa gudun miƙa sanda ana ce masa "ba-ni-in-ba-ka". Tseren mita 400 bai sami wannan gata ba, da lambarsa kawai ake kiran sa. A tsarin Hukumar Guje-guje ta Duniya yana cikin rukunin gajerun tsere tare da mita 100 da mita 200, kuma shi ne mafi tsawo a cikinsu. Sai dai kalmar "gajere" tana iya ruɗar mai karatu, domin ta ɓoye abin da ya bambanta wannan tsere da 'yan'uwansa: ana tashi da saurin gajeren gudu, a ƙare da wahalar dogo.

Ya kamata a yi wata 'yar tsokaci tun da wuri game da ma'aunin lokaci. Kalmar "daƙiƙa" a Larabci minti take nufi, amma gidajen rediyo da jaridun Hausa sun saba amfani da ita a madadin sakan. A tseren da ake raba na ɗaya da na biyu da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, wannan harshen damo ba ƙaramar matsala ba ce. Saboda haka "sakan" aka zaɓa a nan.

2.0 Filin da Ma'auninsa

Filin tsere na ƙa'ida yana da miƙaƙƙun ɓangarori biyu da kwana biyu. Kowane miƙaƙƙen ɓangare mita 84.39 ne, kowace kwana kuma rabin da'ira ce wadda nisan cibiyarta zuwa dakalin ciki ya kai mita 36.5. Ba a kan dakalin ake awo ba, ana matsawa santimita 30 cikin layi na ɗaya, domin nan ne ake ɗauka ƙafar mai gudu za ta bi. Idan aka haɗa miƙe biyu, mita 168.78, da kewayen kwana biyu, mita 231.22, sai a sami mita 400 cif.

Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, kuma ɗan tsere ba ya barin layinsa tun daga tashi har ƙarshe. A nan ne lissafi ya shigo. Wanda ke layin waje da'irarsa ta fi faɗi, don haka da za a jera su kafaɗa da kafaɗa, da na waje ya yi gudun da ya zarce mita 400 nesa ba kusa ba. Maganin wannan shi ne tazarar tashi: na layi na biyu yana tashi mita 7.04 gaba da na layi na ɗaya, daga nan kuma kowane layi yana ƙara kimanin mita 7.67, har na takwas ya kasance mita 53.03 gaba da na ɗaya. Ɗan kallo da bai saba ba yakan zaci an fifita na waje, alhali nisansu ɗaya. Gaskiyar wanda ke gaba ba ta bayyana sai an fito daga kwana ta biyu.

Ko da yake nisa ɗaya ne, layukan ba su zama daidai ba. Kwanar layi na ɗaya matsattsiya ce, tana tilasta wa mai gudu ya karkata jiki, ta rage masa faɗin taku. Ta layi na takwas sassauƙa ce, amma mai ita ba ya ganin kowa, gudun makaho yake yi, bai san ko ya yi gaggawa ko ya yi nawa ba. Shi ya sa a manyan gasanni ake ba waɗanda suka fi ƙwazo a zagayen share fage layukan tsakiya. Ana tashi ne a durƙushe daga matokarin ƙafa, kuma tun daga 2010 wanda ya riga ƙarar bindiga tashi, ko sau ɗaya ne, an kore shi. A ƙarshen tsere kuwa gangar jiki ake dubawa, ba kai ko hannu ko ƙafa ba. Wannan ƙa'ida ce ta ba Shaunae Miller ta Bahamas zinariya a Riyo a 2016, lokacin da ta faɗi rub da ciki a kan zanen ƙarshe da sakan 49.44, ta riga Allyson Felix ta Amurka mai 49.51.

3.0 Asali

Tsoffin Girkawa suna da tseren da suke kira diyaulos, wanda aka shigar cikin wasannin Olimfiya a shekara ta 724 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Zuwa da dawowa ne a miƙaƙƙen fili mai tsawon kimanin mita 192, ke nan jimillarsa ta doshi mita 384. Tseren na yau ya fi kusa da abin da Ingilishi suka gada na rubu'in mil, wato yadi 440, daidai da mita 402.34. A gasar Olamfik ta zamani ta farko a Atina, 1896, Thomas Burke na Amurka ne ya ci, da sakan 54.2.

Rarraba layuka bai zo haka kawai ba, rigima ce ta haife shi. A Landan a 1908, mutum huɗu suka fito tseren ƙarshe: ɗan Birtaniya ɗaya, Wyndham Halswelle, da Amurkawa uku. Babu layi, kowa na bin inda ya ga dama. Alƙalai suka yanke cewa John Carpenter ya tare wa Halswelle hanya, abin da dokar Birtaniya ta hana, ta Amurka kuwa ba ta tsananta a kai ba. Aka kori Carpenter, aka ce a sake tseren bayan kwana biyu da igiyoyi tsakanin masu gudu. Sauran Amurkawan biyu suka ƙi fitowa, Halswelle ya zagaya fili shi kaɗai ya karɓi zinariya. Daga gasar 1912 a Sitokholm aka koma yin tseren a cikin layuka, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar duniya da za ta daidaita dokoki. Mata ba su sami shiga wannan tsere a Olamfik ba sai a Tokyo a 1964, inda Betty Cuthbert ta Ostareliya ta yi nasara.

4.0 Abin da ke Faruwa a Cikin Jiki

Tsoka tana samun ƙarfin aiki ta hanyoyi uku, kuma tseren mita 400 yana tatsar dukkansu. Hanya ta farko ita ce ɗan tanadin da ke ajiye a cikin tsokar kanta, sinadarin fosfokiriyatin. Yana ba da ƙarfi nan take, amma ƙaramar ma'ajiya ce, kafin a cika sakan goma ta yi ƙasa ƙwarai. Ta biyu ita ce ƙona sukarin da ke cikin tsoka ba tare da jiran iskar oksijin ba. Wannan hanya tana da sauri, sai dai tana barin tarkace. Ta uku ita ce ƙona abinci da oksijin da numfashi ke kawowa, wadda take da ɗorewa amma tana da jinkirin tasowa, kuma ba ta iya biyan buƙatar mai gudu da dukkan ƙarfinsa.

Mai tseren mita 100 yana gamawa kafin tarkacen hanya ta biyu ya taru. Mai dogon gudu yana rage sauri yadda hanya ta uku za ta ɗauke shi. Mai mita 400 ne ya faɗa tsakiya, ba tsuntsu ba tarko: tseren ya yi wa hanya ta farko tsawo, ya yi wa ta uku sauri. Dole ya dogara da ta biyu fiye da kowa, ya kuma biya kuɗinta. Yayin da ya doshi mita 300, tsami ya ƙaru a cikin tsoka, zaruruwanta sun rage kaifin tsukewa, taku ya gajarce, gwiwa ta ƙi ɗagawa, kafaɗu sun sandare. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadarin laktet, amma binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga tsamin da ke tafe tare da shi da kuma fosfet da ke taruwa a tsoka. Ko ma mene ne, alamar a bayyane take ga duk wanda ya ga 'yan tseren a kwance bayan sun gama, wasu har da amai.

Sakamakon wannan shi ne kowa yana rage gudu. Ana kai ƙololuwar sauri tun cikin mita 100 na farko, daga nan sai gangara. Wanda 'yan kallo ke gani kamar ya ƙara wuta a miƙen ƙarshe, a haƙiƙa saurinsa ne ya fi na sauran jinkirin zubewa. Don haka gwanintar tseren tana ga rabon ƙarfi. In aka tashi da garaje, ƙafa ta mutu kafin zanen ƙarshe. In aka yi rowar ƙarfi, an bar tazarar da ba ta kamuwa.

Manyan gwanaye biyu sun nuna cewa amsar ba guda ba ce. Michael Johnson na Amurka, a lokacin da ya kafa tarihi da sakan 43.18 a Sabiya ta ƙasar Sifen ranar 26 ga Agusta 1999, ya yi rabin farko a 21.22, na biyu a 21.96. Bambancin bai kai sakan ɗaya ba. Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu, wanda ya karya wannan tarihi da 43.03 a Riyo ranar 14 ga Agusta 2016, ya yi rabin farko a wajen 20.5, na biyu a wajen 22.5. A layi na takwas yake, ba ya ganin Kirani James na Girenada ko LaShawn Merritt na Amurka, sai ya tashi kamar ana kora sa, ya tara ribar da gajiyar ƙarshe ba ta iya cinyewa ba. Mai horar da shi, Ans Botha, tsohuwa ce mai shekara 74 a lokacin. Salon Johnson ya fi kama da abin da malaman wasa ke koyarwa, amma agogo ya ba Van Niekerk gaskiya.

5.0 Bajinta da Shakku

Tarihin maza a wannan tsere ba ya saurin karyewa. Lee Evans ya yi 43.86 a birnin Meziko a 1968, inda tudu mai tsayin sama da mita 2,200 ya rage kaurin iskar da mai gudu ke ratsawa. Shekara 20 aka yi kafin Butch Reynolds ya yi 43.29 a Zurik a 1988.

Na mata ya fi daɗewa, ya kuma fi jawo magana. Marita Koch ta Jamus ta Gabas ta yi 47.60 a Kanbera ranar 6 ga Oktoba 1985. Ba a taɓa kama ta a gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ba, ita ma ba ta amsa laifi ba. Amma bayan haɗewar Jamus, takardun da Brigitte Berendonk da Werner Franke suka bankaɗo sun nuna gwamnatin Jamus ta Gabas ta gudanar da shiri na ba 'yan wasanta irin waɗannan ƙwayoyi. Shekara da shekaru ana ganin lambar Koch tamkar wadda mace ba za ta sake kusanta ba, har zuwa gasar duniya ta Tokyo a Satumba 2025, inda Sydney McLaughlin-Levrone ta Amurka ta yi 47.78, Marileidy Paulino ta Jamhuriyar Dominika ta bi ta da 47.98. A wannan gasa ce kuma Collen Kebinatshipi na Botswana ya ci na maza da 43.53, ƙasarsa ta haɗa da zinariyar ba-ni-in-ba-ka.

6.0 Nijeriya a Wannan Fage

Zagaye ɗaya yana cikin tseren da Nijeriya ta fi yin suna da su. A Los Anjelis a 1984, Sunday Uti da Moses Ugbusien da Rotimi Peters da Innocent Egbunike suka ci tagulla a ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu. Egbunike ya yi 44.17 a Zurik a 1987, ya kuma ci azurfa a gasar duniya ta Rum a shekarar. A Atlanta a 1996 mata biyu 'yan Nijeriya suka kai tseren ƙarshe, Falilat Ogunkoya da Fatima Yusuf. Ogunkoya ta ci tagulla da 49.10, sannan su biyun tare da Bisi Afolabi da Charity Opara suka ɗauko azurfa a miƙa sanda.

A Sidni a 2000, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada suka kai sanda hannun Enefiok Udo-Obong, matashi ɗan shekara 18. Ya adana ƙarfinsa har miƙen ƙarshe, ya wuce ɗan Jamaika dab da zane, Nijeriya ta zo ta biyu bayan Amurka da minti 2 da sakan 58.68. A 2008 Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin Amurkawan, ya amsa a gaban kotu cewa ya yi amfani da haramtattun ƙwayoyi, Kwamitin Olamfik na Duniya ya ƙwace zinariyarsu. Ba a tabbatar wa Nijeriya da ita ba sai a Yuli 2012. Sunday Bada, haifaffen Kaduna, jami'in 'yan sanda, wanda ya zama zakaran duniya na mita 400 a rufaffen fili a Faris a 1997, ya rasu a Legas a Disamba 2011 yana da shekara 42, wata bakwai kafin a yanke wannan hukunci.