Horon Kare a Gida: Darasi Daga Mafarautan Gobir

Daga Bafarawa zuwa Isa, har Sabon Birni da ƙauyukan bakin iyakar Nijar, kare ba baƙo ba ne. Makiyayi na da nasa, manomi na da mai tsaron rumbu, mafarauta kuwa da an kawar da amfanin gona sai su fita da nasu neman zomo da gafiya, duk da cewa rashin tsaro ya rage shiga daji a 'yan shekarun nan. Sai dai tsakanin karen mafarauci da karen gida akwai tazara. Na farko yana jin fito ɗaya ya juyo. Na biyu sau da yawa jifa da tsawa kaɗai ya sani, shi ya sa yake bin yara da baƙi, mai shi na kira yana ƙara gaba.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, littattafan Malikiyya irin su Risala kuma sun yarda a ajiye kare don kiwo da gona da farauta. Ma'aunin da masu fiƙihu suka ba horarren kare gajere ne: in an cuna shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Duk wani wasa da za a koya wa kare a tsakar gida a kan waɗannan biyu yake ginuwa.

Mafarauci yana farawa ne da kwikwiyo, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken da Scott da Fuller suka wallafa a Amurka a 1965 ya nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane. Wanda ya wuce wannan lokaci ba tare da hannu ya taɓa shi ba yakan tashi da tsoro, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizo.

Darasin farko shi ne “zo”. A kira sunansa sau ɗaya, a faɗi kalmar, da ya iso a ba shi guntun ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi nan take. Sirrin yana cikin saurin. Wani masani, B. F. Skinner, ya bayyana a 1951 cewa dabba tana danganta lada da abin da ta yi a daidai lokacin da ta same shi. In aka yi jinkiri, ba ta san abin da aka saka mata a kai ba. Saboda haka kada a kira kare don a doke shi, domin abin da zai koya shi ne zuwa wurinka na jawo bulala.

Don koya masa “zauna”, a riƙe abincin a saman hancinsa, a ja shi baya kaɗan. Da ya ɗaga kai, gindinsa zai sauka ƙasa da kansa, sai a faɗi kalmar a ba shi. “Bari” kuwa, a dunƙule abincin a hannu, a bar shi ya yi ta shinshina. Da ya janye baki, a ba shi wani daga ɗaya hannun. Wannan ita ce kalmar da za ta ceci kajin maƙwabta. Minti 5 da safe, 5 da la'asar sun isa, kuma kowa a gidan ya riƙe kalma iri ɗaya. Kada a yi masa lada da goro ko albasa, dukansu guba ne gare shi.

Kafin duk wannan akwai allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na da kaso mai yawa a ciki. Ana yi wa kwikwiyo rigakafi yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Tunda yara ne suka fi wasa da kwikwiyo, a sa su cikin horon, babba na tsaye a kansu.