Wifi Zone a Lome: me ya sa ƙure ƙarfin na'ura ba ya ƙara saurin intanet?

Daga Bè-Kpota zuwa Agoè-Zongo, allon "Wifi Zone" ya zama ruwan dare a unguwannin Lome. Mutum ya jawo layin intanet gidansa, ya kafa na'urar rarrabawa a kan rufi, yana sayar wa maƙwabta tikitin awa ko na yini. Idan masu saye suka fara kukan nauyin intanet, dabarar da ta fi saurin zuwa wa mai sana'ar ita ce ya ƙure ƙarfin na'urar. Sau da yawa hakan ƙara dagula lamarin yake yi.

Dalili shi ne Wi-Fi zance ne tsakanin ɓangarori biyu. Na'urar da aka ƙure tana iya kai muryarta ƙarshen layi, amma wayar hannu ƙarfinta kaɗan ne, amsarta ba ta isowa. Shi ya sa za ka ga alamar sigina ta cika a waya, amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Ga kuma maƙwabta: a zangon gigahaz 2.4, tashoshi 3 ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Na'urar Wi-Fi kuwa ba ta magana sai ta ji tasharta shiru. Idan kowa ya ɗaga murya, kowa sai ya jira kowa.

Malamin zaure ya san maganin wannan. Almajirin da ke gabansa a hankali yake biya masa, na bakin ƙofa ne yake ɗaga wa murya. Abin da injiniyoyi suka koya wa na'ura ke nan: ta ware wa kowace waya ƙarfin da ya ishe ta.

Aikin yana hannun wata manhaja da ake kira direba, wadda ke tsakanin tsarin na'urar da katin rediyonta. Direba na riƙe da jerin wayoyin da suka shiga, da ƙarfin siginar kowacce, da yawan saƙonnin da sai da aka maimaita aika mata. A da, umarni ɗaya ake bai wa katin, kowa a aika masa da ƙarfi ɗaya. A shekarar 2019 aka ƙara wa tsarin Linux hanyar ƙayyade ƙarfi ga waya ɗaya tak, kuma direban ath10k na katunan Qualcomm na cikin na farko da suka karɓi wannan umarni. Sai dai dole katin kansa ya iya, don haka ba kowace na'ura ce ke yi ba.

Ana auna ƙarfin da dBm. Dibiyam 20 daidai yake da miliwat 100, kuma duk ragin 3 yana raba ƙarfin gida biyu. Idan aka rage fiye da kima, wayar za ta koma karɓa a hankali, ta cinye lokacin sauran. Sannan sanarwar da na'ura ke yi ta sunanta, kusan sau 10 a daƙiƙa, ta kowa ce, ba a rage ta saboda mutum ɗaya.

Ƙa'idar 802.11h ta 2003 ta kawo daidaita ƙarfi a zangon gigahaz 5, don kauce wa katsalandan ga tauraron ɗan'adam. Wi-Fi 6 kuma ta bai wa na'ura damar faɗa wa kowace waya ƙarfin da za ta amsa da shi.

Ga mai Wifi Zone da na'urarsa ba ta kai nan ba, ya sassauta ƙarfin, ya kafa ta a tsakiyar masu saye, ya daidaita da maƙwabcinsa kowa ya ɗauki tasharsa. In unguwar ta yi faɗi, ya ja waya ya kafa ta biyu.