Amurka: A ajin badujala, ana koyon shiru kafin a koyi busa

A Nijar idan aka ce badujala, hankali yakan tafi ga sojoji da jandarmomi a ranakun bukin ƙasa. A Amurka kuwa badujala darasi ce ta makaranta, mai malaminta da ɗakinta da makinta a takardar sakamako. A jihohi da dama yaro yana shiga tun yana ɗan shekara 11 ko 12, ya ci gaba har ƙarshen sakandare, wani ma har jami'a.

Matsalar malamin wannan aji ta bambanta da ta sauran malamai. Mai koyar da lissafi yana fama da surutun baki kawai. Shi kuwa yana iya samun yara 50 ko 60 a ɗaki guda, kowanne riƙe da abin da aka ƙera musamman don ya yi ƙara. Shi ya sa a makonnin farko na shekara, cikin Agusta ko Satumba, ba a cika jin kiɗa daga ɗakin ba.

Abin da ake koya shi ne shiga ɗaki. Yaro ya ɗauko akwatin kayan busarsa, ya ajiye shi a ƙasa kafin ya buɗe, domin akwatin da aka buɗe a kan cinya ko a kife yakan zubar da kaya mai tsada. Ya zauna a bakin kujera, baya a miƙe, ƙafafu biyu a ƙasa, fensir a kan mazaunin takarda. Sai doka mafi girma: da zarar malam ya taka ɗan dandamalin da ke gaban aji, baki da busa da ganga duk su tsaya. Malamai da yawa sukan sa a maimaita wannan sau da dama, malam ya hau ya sauka, har sai shirun ya zo da kansa ba tare da tsawa ba. Idan aka shigo da hayaniya, a fita a sake shigowa.

Ko da aka fara busa, da bakin kayan kaɗai ake farawa, kwanaki kafin a haɗa sauran jikinsa. Daga nan kowace rana tana buɗewa da abu ɗaya: numfashi, dogon sauti, hawa da saukar murya, sannan daidaita sautin kowa da na ɗan'uwansa. A ƙarshen darasi mai kilarinet ya goge cikin kayansa, mai ƙahon tagulla ya zubar da ruwan da ya taru, ya ɗiga mai inda ake latsawa. Abubuwa ne ƙanana, amma mintin da aka ɓata wajen neman fensir ko tsawata wa mai ganga, daga cikin minti 45 ko 50 na darasi yake fita.

Malam ɗaya ba ya iya sa ido a kan kowa, don haka ake raba aji zuwa rukuni: masu sarewa, masu ƙaho, masu ganga, kowane rukuni da shugabansa daga cikin ɗalibai. A sakandare, kafin a koma hutu ana kiran ƴan badujala sansani na mako ɗaya ko biyu cikin zafin bazara, inda tsofaffin ɗalibai ke koya wa sababbi taku da tsayuwa. A nan ne al'adar ƙungiya take wucewa daga hannu zuwa hannu. A nan ne kuma take gyaruwa ko ta lalace.

Birnin New Orleans ya nuna abin da tsari mai kyau yake iya yi. Bayan guguwar Katrina ta 2005, makarantu da yawa sun rasa ajin kiɗa na yara masu tasowa. A 2007 wani makaɗin ganga na ƙungiyar Rebirth Brass Band, Derrick Tabb, tare da Allison Reinhardt, suka kafa The Roots of Music domin yara ƴan shekara 9 zuwa 14. Ba a biyan kuɗi. Mota tana ɗauko yaro bayan an tashi daga makaranta, a fara zama da shi a kan aikin gida, sannan a yi kiɗa, a ba shi abinci mai zafi, a mayar da shi gida. Jerin nan shi ne sirrin abin: karatu kafin ganga, kullum, a sa'o'in da yaron unguwa ya fi shiga haɗari. A 2013 yaran sun yi fareti a bukin Rose Parade na Kalifoniya.

Sai dai ladabin da ke sa yara 60 su yi shiru lokaci guda, shi ne kuma ke iya sa su yi shiru a kan abin da bai kamata ba. Misalin da har yau ake tunawa shi ne na jami'ar Florida A&M da ke Tallahassee, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙar fatar Amurka. William P. Foster ya karɓi badujalarta a 1946, ya riƙe ta har 1998, ya mayar da ita Marching 100 wadda ta haɗa fareti da rawa, sauran makarantu suka riƙa kwaikwayo. Ita ce ta wakilci Amurka a faretin birnin Paris na 14 ga Yulin 1989, lokacin cika shekara 200 da juyin juya halin Faransa.

A ƙarƙashin wannan suna, ɗalibai sun gina tasu dokar da ba ta cikin littafi. Ranar 19 ga Nuwamban 2011, bayan wasan ƙwallo a Orlando, ɗaya daga cikin masu jagorantar fareti, Robert Champion, ɗan shekara 26, ya shiga wata motar ƙungiyar domin wata al'adar karɓar mutum: ya ratsa daga gaban mota zuwa baya, abokan kiɗansa na dukansa da hannu da sandunan ganga. Ya rasu a daren. Masu bincike sun ce dukan ne ya kashe shi, kuma ba a ranar aka fara irin wannan al'ada ba. An sha kai ƙorafi a shekarun baya.

An dakatar da ƙungiyar, shugabanta ya bar aiki, shugaban jami'ar James Ammons ya yi murabus a 2012, kotu kuma ta ɗaure wanda ta samu da jagorantar dukan fiye da shekara 6. Bincike ya kuma gano cewa mutane da dama da ke sa rigar ƙungiyar ba ɗaliban jami'ar ba ne.

Lokacin da Marching 100 ta dawo fili a Satumban 2013, a wannan birni na Orlando, ƙarƙashin sabon shugaba Sylvester Young, yawanta bai kai rabin na da ba. Sababbin sharuɗɗan sun koma kan abubuwan yau da kullum: sai cikakken ɗalibi mai rajista, sai wanda makinsa ya kai wani mizani, ba a wuce shekara 4 a ciki, atisaye kuma kada ya haura sa'a 20 a mako. An kuma naɗa jami'i na musamman da aikinsa shi ne karɓar ƙorafin cin zali tsakanin ɗalibai.